Gammon Maami

Alhaja Wosila ba ta taɓa ɗaukar kanta maƙaryaciya ba. Shekara talatin da ɗaya tana koyarwa a Badun, goma sha biyu daga ciki tana hedimasta, kuma duk wanda ya bi ta hannunta zai gaya muku abin da ake samu a ofishinta in an yi ƙarya. To ita ce fa, da girmanta da haƙorin Makkanta, ta gilla wa uwarta ƙarya. A kan me? A kan tsumma.

Abin ya faru ne ranar da dangin saurayin Basira, autarta, za su zo gabatar da kansu. Mutanen Legas ne, masu abin hannu, irin waɗanda in sun shiga gidanka bakinsu na gaisuwa idonsu na ƙirga kujeru. Tun asuba Wosila ke share-share da goge-goge. Har ɗakin uwarta ta shiga, don wa ya sani ko uwar ango ta ce bari ta leƙa ta gaida tsohuwa. Tana ɗaga matashin kai sai ga wani abu a naɗe kamar maciji ya kwanta. Tsohon saƙi ne, shuɗinsa ya koɗe ya koma kalar toka, da ɗan jan zare a baki-baki, yana warin tsohon manja da kafur. Tsohuwa tana banɗaki a lokacin. Wosila ta ɗauke shi da yatsu biyu, ta fita ta ƙofar baya, ta cilla shi gareji inda mijinta Alhaji Lamidi ke ajiye janareta.

Tana gaban madubi tana fama da gwaggwaro sai tsohuwa ta leƙo.

"Wosila, ina oshukata?"

Oshuka dai gammo ne, wanda ake ɗora wa kai kafin a ɗauki kaya.

"Maami, wane gammo kuma yau? Dako za ki fita?"

"Yana ƙarƙashin matashina. Nan yake kwana."

Motocin baƙi sun riga sun fara hon a bakin ƙofa. Wosila ko juyowa ba ta yi ba, ga allura a bakinta, ta ce, "Kin manta inda kika sa shi ne, Maami. Tsufa ne. Je ki sa kayanki."

Shi ke nan. Ƙaryar ke nan gaba ɗayanta, ba ta kai tsawon atishawa ba.

Sai kun san Maami kafin ku gane ɓarnar. Ta haura tamanin, amma harshenta bai haura ashirin ba. Shekara shida ke nan da Wosila ta ɗauko ta daga ƙauye, kuma cikin wata guda ta san sirrin layin kaf. Daga kujerarta ta baranda take gane matar da ta samu ciki tun mijin bai sani ba. Da safe in ta buɗe famfo sai ta gaishe shi: "Ka kwana lafiya, ɗan albarka?" Da kanta take kunna gas ta dama kokonta, ba ta yarda kowa ya dama mata, wai hannun 'yan boko ba ya kashe gudaji. Ranar Lahadi kuwa ta yafa mayafi ta tafi Asalatu, taron addu'ar mata a masallacin bayan layi, ta dawo da addu'a kaɗan da labari mai yawa.

Bayan baƙi sun watse, Maami ta zazzage akwatinta. Washegari ta sake zazzagewa. Rana ta uku ta kuma tambaya, Wosila ta ce, "Ai na gaya miki." Daga nan ba ta sake tambaya ba, Wosila ta ɗauka magana ta mutu.

Ashe ba ta mutu ba. Da farko Maami ta daina kunna gas. Ta ce wanda ya manta abin da ke ƙarƙashin kansa zai iya manta wuta a kunne ya ƙone gidan suruki. Sai Lahadi ta zo ba ta tafi Asalatu ba, wai kada ta fita ta kasa gane hanyar gida a ɗauko ta a kafaɗa kamar akuya. Tana zama a baranda, amma har matar tela ta wuce da sabon leshi mai ihu, Maami ba ta ce uffan ba.

Wosila tana ganin duk wannan. Sau ɗaya ma ta lallaɓa gareji da niyyar ɗauko abin ta ajiye bayan gado, a ce can ya faɗa. Ta tarar Alhaji ya riga ya same shi. Ya jiƙe sharkaf da baƙin mai, gefe guda salansar janareta ta ƙone shi. Ta tsaya ta dube shi, ta ja ƙofar a hankali, ta ce gobe. Gobe ta zo ta ce jibi.

Sai ga Alhaji Lamidi wata la'asar ya shigo ɗaki yana tafiya da sanɗa, ya turo ƙofa, ya kira ta da sunan ɗansu na fari kamar yadda ya saba.

"Iya Gafaru, abin fa ya girma. Maami ta fara magana da waɗanda ba ma gani."

"Kamar yaya?"

"Da kunnena na ji. Tana zaune ita kaɗai tana lanƙwasa yatsu, tana cewa 'kar ka sake tafiya', sai ta ce 'tsaya ki binne ni'. Wa take roƙo ya binne ta? Babu kowa a barandar sai kaza."

Wosila kuwa ta san abin da ya ji. A ƙauyensu, matar da 'ya'ya ke mutuwa a hannunta takan raɗa wa na gaba suna mai roƙo, ko ya ji kunya ya zauna. Malomo, wato kar ka sake tafiya. Kokumo, wannan ba zai mutu ba. Maami ta haifi shida, biyu suka tsaya. Ba da aljanu take magana ba, sunayen 'ya'yanta take bi ɗaya bayan ɗaya. Durosinmi kuwa, tsaya ki binne ni, ba kowa ba ce illa ita Wosilar. Tun ranar da ta shiga kwalejin horon malamai ta binne sunan, ta roƙi uwarta kada ta ƙara kiranta da shi a gaban mutane. Shekara talatin da biyar da aure, Alhaji bai taɓa ji ba.

Nan ne ya kamata ta buɗe baki. Sai ta ce, "Allah ya sawwaƙe."

Alhaji mutum ne mai son a ce ya yi abin kirki. Bai yi wata-wata ba ya kira Taju, ƙanen Wosila da ke Legas. Taju ya ce ranar Asabar yana nan tafe. Zai kai Maami wurin likitan masu mantuwa, daga nan ta zauna a wurinsa, ya ɗauko mai jinya. Gidan Taju hawa na huɗu ne. Ba baranda, ba mai wucewa, ba Asalatu, maƙwabcinka ma sai ya mutu ka san sunansa. Da aka gaya wa Maami, ta kalli famfon tsakar gida ta ce, "To. Ku kuka san abin da ya dace."

Ranar Laraba zazzaɓi ya kwantar da Wosila. Ita ta ce sauro ne. Ta sha magani ta miƙe ƙarƙashin fanka, barci ya ƙi zuwa, waya ta gundure ta. Ta miƙa hannu kan kanta ta jawo wani littafi mai yagaggen bango. Ta ma tuna inda ta samo shi: wata ɗaliba ta kama tana karantawa a ƙarƙashin tebur ana darasin lissafi, ta ƙwace, ta ce ta zo ƙarshen zango ta karɓa. Yau shekara goma sha tara.

Labarin ƙirƙira ne, na wani ƙauyen manoman koko, wanda ake yin cakulan da shi, tun kafin kwalta ta isa can, da wata mata mai suna Amope. Wosila ta fara karantawa tana taɓe baki, tana neman kuskuren rubutu. Kafin ta kai shafi na ashirin ta manta da jan biro.

Amope tana tashi zakara bai yi cara ba, ta tafi rafi da tulu sau uku. Ruwan rafin nan shi ke sa kurkunu, sai a ga tsutsa ta leƙo daga ƙafar mutum, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har wata guda. Ta dawo ta fere rogo ta jiƙa. Ta tattake kwakwar manja da ƙafa a cikin rami. Ta fasa koko har tafin hannunta ya tsage. Ta durƙusa ta niƙa barkono a kan dutse, ga hayaƙin ɗanyen itace, ga tururuwa, ga miji yana tambayar me ya hana tuwo sauka. Ɗanta na fari ƙyanda ta kama shi, kafin a kai shi inda mota ke tsayawa ya cika a bayanta, ta juyo da shi gida a goye.

Wosila ta ajiye littafin a ƙirji ta kalli fanka tana juyawa. Ta tashi da zazzaɓinta ta buɗe firji, ta sha ruwan sanyi, ta tsaya tana shafa murfin kamar bayan jariri. Ta kalli injin markaɗe. Ta kalli gas. Ta murɗa famfon kicin ta bar ruwa yana zuba a hannunta.

"Alhaji," ta ce, "wallahi mu gode wa Allah."

Alhaji ya ɗago daga jarida. "Wuta suka kawo?"

"Ruwa fa. Ka murɗa kawai ya zo."

"Ni na biya aka haƙa burtsatsen, ba ki taɓa gode mini ba. Zazzaɓin ne ya hau kai?"

Ta koma ta kwanta tana jin daɗin kanta, irin daɗin wanda ya ga haɗari a hanya ya tuna shi lafiya lau yake. Da a nan littafin ya ƙare, da ta ci riba.

Ranar Alhamis da hantsi ta iso babin kasuwa. Amope ta sake haihuwa, 'ya mace, kuma wannan ta yi wata takwas ba ta tafi ba. Kasuwa mil bakwai ce, ga daron garin rogo da za a kai. Ƙyalle mai ƙarfi guda ɗaya gare ta, saƙin da uwarta ta ba ta. In ta naɗe shi ta yi gammo, goyo ba majanyi, zani kaɗai ba ya riƙe yaro a hawan tudu. In ta ɗaure goyo da shi, kai ba gammo. Sai ta ɗaure 'yarta tamau, ta murɗa ganyen ayaba ta ɗora a ka. Ganyen kafin rafin farko ya lotse ya zama ruwa. Sauran mil shida daro ne da ƙoƙon kai. Haka duk ranar kasuwa, har gashin tsakiyar kanta ya tafi bai dawo ba. Ranar da yarinyar ta taka da ƙafarta, Amope ta kwance saƙin, ta naɗe shi ta ɗora a ka, ta ce ashe haka masu gammo suke ji.

Wosila ta karanta wurin sau biyu. Ta rufe littafin.

Maami tana da sanƙo a tsakiyar ka, faɗin tafin hannu, sumul kamar bayan ƙwarya. Duk ranar da Wosila ke mata kitso sai ta tsokane ta: "Bari mu zagaye filin jirgi." Su yi dariya. Ba ta taɓa tambayar inda gashin ya tafi ba. Kuma jan zaren nan na bakin saƙin, yanzu da ta rufe ido sai ta gan shi a bayan Maami, ga ƙafafun Taju suna reto ta gefe, ita tana biye da ƙaramin tulu. Kafin Taju, wa aka ɗaure da shi? Ba sai an gaya mata ba. Da waɗanda suka tsaya da waɗanda suka tafi, duk a cikinsa suka kwana.

Yanzu kuma yana gareji ana goge hancin janareta da shi.

Ranar nan ba ta iya cin tuwon amala ba. Ta ga Maami ta fito da akwatinta ta buɗe a kan gado, tana jera zannuwa don tafiyar Asabar. Tana sa ɗaya sai ta faɗi sunansa da ƙarfi, don kada ta manta ta sa.

Juma'a da safe Wosila ta shiga gareji. Alhaji yana tsugune yana auna man janareta, abin yana rataye a kafaɗarsa. Ta fizge.

"A'a, a'a! Iya Gafaru, ina za ki kai mini tsumma? Kin san tun da nake ban taɓa samun irinsa ba? Ba ya yagewa, ba ya barin zare."

"Na Maami ne."

"Wane na Maami?"

"Wanda take nema."

Alhaji ya miƙe a hankali, bakinsa a buɗe. "Wanda aka ce ta manta? To wa ya kawo shi nan?"

Ta juya ta nufi ƙofa. Ya dube ta, ya dubi tsumman, ya ce, "La'ilaha illallahu. Hedimasta!" Ya biyo ta a baya, wai shi mai ba da baki, alhali kallo ya zo.

Maami tana baranda, hannuwa a cinya. A wurinsu 'ya mace gwiwa biyu take kaiwa ƙasa gaban babba. Wosila kuwa ta yi shekaru tana ɗan rusunawa kawai, ta ce ciwon gwiwa, kowa ya bar ta don girman kujera. Ran nan ta dafa bango ta sauka har siminti, gwiwoyin suka yi ƙara kamar an karya rake. Matar tela da ke shanya a ƙetaren layi ta tsaya da rigar miji a hannu.

Wosila ta ajiye abin a gaban uwarta.

"Maami, ga oshukarki. Ba ki manta ba. A ƙarƙashin matashinki yake, ni na ɗauke ranar baƙi na jefar, don kada su gani. Da kika tambaya na ce tsufa ne. Ƙarya na yi."

Maami ta daɗe tana kallon abin. Ta sa yatsa ta taɓa inda ya ƙone. Ta shinshina yatsan.

"Ƙarƙashin matashi," ta ce.

"E, Maami."

"Ta gefen bango."

"Ta gefen bango."

"Ashe kaina ƙalau yake."

"Ƙalau yake, Maami."

Wosila ta zaci zagi zai biyo baya, ta ma shirya masa, da ya zo da ta ji sauƙi. Sai tsohuwa ta yi magana a hankali, ba ta ko dube ta ba.

"Sati uku. Kullum in na idar da sallah sai in bi sunayenku, in ga ko wani ya zube. Ran nan na tsaya a kan na huɗu, ya ƙi zuwa. Na ce shi ke nan, Malomo ya tafi sau biyu. Na zauna a nan ina ta kuka, kina ciki kina kallon talabijin. Kin ji ni, Durosinmi?"

"Na ji, Maami."

"A'a. Ran nan nake tambaya. Kin ji ni?"

Wosila ta sunkuyar da kai. "Na ji."

Alhaji ya matso. "Wace ce kuma Durosinmi?"

"Ga ta nan a durƙushe," in ji Maami. "Na ce ta tsaya ta binne ni, ita kuma ta ga na daɗe, ta fara tun ina da rai."

Alhaji ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga fuskar matarsa, ya mai da ita tari.

Wosila tana hawaye ta shiga ba da labarin littafin, da Amope, da ganyen ayaba, da daro a kan ƙoƙon kai. Ta ce ita ba ta sani ba, ba ta taɓa tunani ba, ashe gashin nan saboda ita ya tafi.

"Namiji ne ya rubuta?" Maami ta tambaya.

"Namiji ne."

"Na sani. Ganyen ayaba! Wa ya gaya masa ana kaiwa rafin farko? Tun bayan gari yake mutuwa. Ya rubuta ciwon wuya? Ya rubuta yadda goyo ke yi miki fitsari ya bi ta ƙafa, ga kaya a ka ba halin tsayawa? Ke kin fi kowa, kamar famfo." Ta ja tsaki. "Wato sai da wani ƙato ya rubuta a takarda kika yarda. Ni da nake gabanki da filin jirgina shekara da shekaru, ba a karanta ni."

"Ki yafe mini, Maami. In kina so, in kai ki ƙauye ki ga gida, in kina kewa..."

"Kewar me? Kurkunu? Ke dai boko bai miki rana ba. Kin zaci don ina son wahala nake ajiye shi? Wuyana ne ba ya kwanciya sai da shi, ya san inda ƙashin ya lanƙwashe. Da safe kuma in na ɗaga matashi na gan shi, sai in je in gaida famfo da hujja." Ta miƙa hannu. "Ba ni wayar nan. A'a, ke za ki kira. Sa shi yadda kowa zai ji."

Haka Wosila ta kira ƙanenta tana durƙushe, wayar a kan cinyar Maami.

"Anti mi, ina kwana? Na riga na sa mai a mota, gobe da wuri..."

"Taju, kar ka zo ɗaukar Maami. Lafiyarta lau."

"Anti, haka masu ciwon suke, wata rana garau wata rana..."

"Ni ce na ɗauke mata abu na ce ta manta."

"Ban ji ba, layin yana yankewa."

"Layin lafiya lau yake," in ji Maami. "Maimaita masa, Hedimasta. Da ƙarfi, yadda na bayan aji zai ji."

Ta maimaita. Matar tela ma ta ji, don ta riga ta tsallako layi wai tana neman aron tsintsiya.

Taju ya ce, "Anti, ke? Ke da kika zane ni a kan na ce kare ne ya cinye naman miya?" Sannan ya ce wa Maami ko dai duk da haka ya zo a duba ta, tunda an riga an yi magana da likita. Maami ta ce in yana son ya san lafiyar kanta, ta tuna sunan yarinyar da ya yi wa alkawari a Oyo kafin ya auri matarsa, ta kuma tuna sunan uban yarinyar, ko ta faɗa? Taju ya ce a'a, a bar maganar likita, Allah ya ƙara lafiya.

Da aka kashe waya Wosila ta ɗauki saƙin ta nufi bakin famfo da bokiti da sabulu. Ta ƙudura da hannu za ta wanke shi, ko fatar hannun za ta saɓule. Ta fara cuɗawa ke nan Maami ta ƙwala mata kira.

"Me kike yi?"

"Wankewa, Maami."

"Da hannu? Injin wankin da ke ciki na ado ne? Ni na yi shekara hamsin ina dukan wanki a kan dutse don ke ki zo ki yi wasan 'yar ƙauye da farcenki mai ja? Kai shi inji."

Aka kai shi inji. Maami ta sa aka jawo mata kujera gabansa, ta zauna tana kallon abin yana juyawa cikin kumfa ta ƙaramin gilashin, kamar mai kallon wasan kwaikwayo. Sau uku aka wanke. Warin manja da kafur ya fita, na janareta ya ƙi. Baƙin man ya zauna daram, inda ya ƙone kuma ya zama huda, yatsa uku na shiga. Da ya bushe Maami ta naɗe shi da hannu ɗaya, ko kallo ba ta yi, ta tura ƙarƙashin matashi ta gefen bango. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Cewa ta yi a fitar mata da zannuwa daga akwati.

Lahadi ta yafa mayafi ta tafi Asalatu. Abin da ta faɗa a can ba a sani ba, amma har yau in Wosila ta wuce ƙofar masallacin sai wata tsohuwa ta ce, "Sannu, Durosinmi, ya gwiwa?" Alhaji ma ya samu abin yi. In yana son shayi sai ya leƙo ya ce, "Tsaya-ki-binne-ni, a taimaka da ruwan zafi." Littafin kuwa Wosila ta sa an nemo mata mai shi. An ce tana Abekuta da 'ya'ya huɗu. Ta naɗe shi a takarda ta ajiye a kan firji, tana jiran mai zuwa can.

Litinin da safe Wosila ta fito ta ji ƙamshin koko. Maami ce a kicin, ta kunna gas da kanta, tana damawa tana yi wa famfo hira. Wosila ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shiga ba. Tsohuwa ta sauke tukunya, ta kashe wuta, ta ɗauki kofinta ta nufi baranda. Ta yi taku huɗu sai ta tsaya. Ta dawo ta taɓa makunnin. A kashe yake. Ta fita, ta kai bakin ƙofa, ta sake juyowa ta kalle shi.

Da can ba ta yin haka.

"A kashe yake, Maami," in ji Wosila. "Na ga lokacin da kika kashe."

Maami ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke kika faɗa," ta ce. Ta koma ta taɓa shi da hannunta.